Haraji ga mai cin gashin kansa a Kaduna: abin da aka tattauna

Masu ɗaukar hoto, masu zane a kwamfuta da masu rubutun kwangila sun zauna a Kaduna kan batun haraji, kuma ga abin da ya fi fitowa fili.

Harajin kuɗin shigarka na jihar da kake zaune ne, wato idan a Kaduna kake, hukumar tattara haraji ta jihar (KADIRS) za ka nufa. Ka samu lambar shaidar mai biyan haraji (TIN), ka kuma miƙa bayanin kuɗin shigarka na bara kafin ƙarshen Maris.

An fi daɗewa kan ajiye rasit, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Kuɗin data, man janareto, gyaran kyamara, duk ana iya cire su daga abin da ka samu kafin a lissafa haraji, amma sai da shaida a hannu. Shi ya sa aka ce a raba asusun aiki da na cefane. Idan kamfani ya zaftare haraji daga kuɗin aikinka, ka nemi takardar shaidar cirewar, don kada ka biya sau biyu.

Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko a shekara. Wanda ya haura haka, ya riƙa ware wani abu duk lokacin da kuɗi ya shigo.