Hular kwano mun san ta, wasan kan dusar ƙanƙarar ne ya gagare ni

Jama'a ku taya ni. Tun safe nake fassara wani labari na ƙasar Italiya, jimla ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi. Doka ce a kan masu wasannin da Turawa ke kira ski da snowboard. Tun farkon 2005 dole ne yaron da bai kai shekara 14 ba ya kare kansa da hula kafin ya gangaro daga kan dutse. A Janairun 2022 aka ɗaga shekarun zuwa 18, sannan daga 1 ga Nuwamban 2025 aka haɗa kowa, yaro da babba. Kalma uku nake nema: sunan hular, da sunan wasannin nan biyu.

Ta hular ba za ta kai mu dare ba. Wani malamina ya ce in sa kwalkwali, wai ita ce Hausar asali, kuma wadda ake sawa a wasan ba ta da ƙarfe ko ɗigo, roba ce mai tauri a waje da wani soso mai ƙarfi a ciki, to ina kwanon yake? Allah ya gafarta Malam, ina tare da kai a kan daɗin kalmar. Amma na ce kwalkwali, sai mai karatu ya hango ɗan lifida a kan doki ranar Hawan Daushe. Ta ɗan acaɓa ma ai roba ce, ba wanda ya taɓa kiran ta hular roba. Hular kwano ta riga ta zauna a baki, ni na bar ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan. Gidajen rediyo sukan ce zamiya a kan ƙanƙara, kuma zamiya ta yi daidai, don duk wanda santsin damina ya taɓa kwasa ya san ta. Matsalar ita ce sunan ya haɗiye wasa uku. Akwai masu zamiya a kan daskararren ruwa da takalmi mai kaifi a ƙasa. Su ba sa cikin wannan dokar. Dokar ta masu gangarowa ne a kan dusar ƙanƙara, mai laushi kamar gari. Su ma kashi biyu ne. Ɗaya, mai ski, yana ɗaure dogon katako siriri a kowace ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, fuskarsa na kallon gangare. Ɗayan, mai snowboard, katako guda mai faɗi ne a ƙarƙashinsa, ƙafafunsa biyu a ɗaure a kai, ya tsaya a karkace, hannu wayam. Dokar Italiya ta kira kowanne da sunansa, saboda haka ba ni da damar in dunƙule su.

Na fara rubuta zamiyar allo ga mai katako guda, sai na goge. Allo a wurinmu abin da ake rubuta Alƙur'ani ne, ba na son jimlar da za a ce yaro ya taka allo da ƙafa biyu. Falanki ya fi. Aro ne, amma kowane kafinta da magini da shi yake kwana yake tashi. Zamiyar falanki ke nan.

Ɗayan kuwa wata 'yar'uwa ta kawo zamiyar tagwaye, saboda katakon biyu ne. Na yi dariya, don za a ɗauka Hassan da Husaini ne suka zame. Ni abin da ido ke fara kamawa a hoto na bi, wato sandunan hannu. Zamiyar sanduna.

Na gwada su a labari na gaske in ji ko za su ɗauki kaya. Ranar 1 ga Janairun 2009, Dieter Althaus, shugaban jihar Thuringia ta Jamus a lokacin, yana zamiyar sanduna a Ostiriya ya yi karo da wata mata. Shi da hular kwano a kansa, ya rayu. Ita ba ta da ita, ta rasu. Bayan haka yawancin jihohin Ostiriya suka wajabta hular ga yara har zuwa shekara 15, ban da Tirol da Vorarlberg. Kun ji, ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Abin mamaki, a wannan ranar ce dokar hular kwano ta masu babur ta fara aiki a Najeriya, lokacin da wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka fito aiki.

A New Jersey ta Amurka ma haka: tun 2011 duk wanda bai kai 18 ba, ko zamiyar sanduna yake ko ta falanki, sai da hular kwano, in babu iyaye ne ke biyan tara.

Saura ɗaya. Dokar Italiya ta ambaci wani abin zama da yara ke hawa su gangaro, kamar amalanke amma ba taya. Na rubuta amalanken dusa, na karanta da ƙarfi, sai na ji kamar mai kai wa kaji abinci. Wanda ke da wadda ta fi ya miƙo.