An ce mu kafa kwamiti mu kawo kashi 10 kafin a haƙa mana burtsatse

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum. Jami'an wani shirin raya karkara sun zo garinmu, sun ce za a yi mana rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa, amma sai mun kafa kwamiti, mun buɗe asusu, mun kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aiki. Wasu na cewa aikin gwamnati ai kyauta ne. Shin haka tsarin yake? Me kuma za mu yi kada tamu ta mutu kamar na maƙwabta?

Malamin Raya Karkara: Wa alaikumus salam, Malam. Haka yake. Shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa a Najeriya, wanda aka fara a 2009, a kan wannan ƙa'ida ya gudana: jama'a su zaɓi aikin da suke so, su kawo kashi 10, a riƙa sakin sauran kashi-kashi a asusun kwamitinsu. Ba dole ne gudummawar ta zama tsabar kuɗi ba. Yashi, tsakuwa, ruwan kwaɓa siminti da aikin gayya duk ana yi musu farashi. Ku rubuta komai a littafi, jami'in shirin ya sa hannu, don abin da ba a rubuta ba ba a lissafa shi.

Hattara da attajiri ko ɗan siyasar da zai ce ya ɗauke muku kason duka. Daga ranar rijiyar ta zama tasa a idon mutane, in ta lalace shi za a zauna jira. Filin kuma a rubuta takardar kyauta, mai fili da magadansa su sa hannu a gaban dagaci, in ba haka ba wata rana za ku tarar an zagaye ta da katanga.

A zaɓi kwamiti a bainar jama'a. Mai unguwa ya zama uba mai sasanci, kada ya riƙe kuɗi. Mutum uku su sa hannu a asusu, kuma ba 'yan gida ɗaya ba. Mata a yi musu zamansu daban a cikin gida. Su suka san nisan da yaro zai iya zuwa da jarka, amma a taron ƙofar fada ba za ka ji bakinsu ba.

Injiniyan Ruwa: Ni a wurin haƙa na fi ganin amfanin kwamiti. A yankunan da ke kan dutse, kamar yawancin Kaduna da kudancin Kano da Katsina, ruwan yana cikin tsagar dutse ne, don haka awon ƙasa ke nuna wuri, ba son ran wani babba ba. Ku ba masu awo wurare biyu ko uku, kowanne aƙalla mita 30 daga masai. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen rani, Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya yi nisa. Wadda aka haƙa da damina aka tsaya da ganin ruwan farko ita ke ƙafewa a bazara.

Ranar aiki a sa mutum biyu su ƙirga bututun da aka zura. Galibi kowanne mita 3 ne, sai a kwatanta da zurfin da ke cikin takardar kwangila. A ga an zuba tsakuwa a gefen bututu, an toshe sama da siminti don kada ƙazantar ruwan sama ta gangara ciki. A ja ruwa na awoyi ba tsayawa. In jarka mai lita 25 ba ta cika cikin kamar minti biyu, akwai magana.

Ku tambayi irin famfon. India Mark II mai bututun ƙarfe yana tsatsa inda ruwa ke da tsami, kuma sai an zaro bututun duka kafin a kai ga robar da ke can ƙasan famfon. Afridev bututunsa na roba ne, mutum biyu na iya zaro kayan cikinsa, sai dai iyakarsa wajen mita 45. Kada ku sa hannu a takardar kammala aiki sai an rubuta kason da za a riƙe wa ɗan kwangila na wasu watanni.

Hajiya Ma'aji: Duk da haka, Injiniya, yawancin rijiyoyin da suka mutu ba haƙar ce ta kashe su ba. Roba ce ta cinye, ko sarƙa, ko boris, aka rasa mai fitar da kuɗi, aka koma rafi. Karo-karo a fara shi tun ranar da ruwa ya fito. Kuɗin wata-wata yana wahala a wurin manomi, gara a karɓi kwanon hatsi daga kowane gida da kaka, a adana, a sayar in ya yi daraja. 'Yan ga-ruwa da masu shayar da garke a yanka musu nasu daban, tunda su suka fi gajiyar da famfo. A karanta lissafi bayan sallar Juma'a duk wata uku, a aika wa mata da shi ta bakin wakiliyarsu.

Ɗan Tudu: Allah ya saka da alheri. Gyaran fa, wa zai riƙa yi?

Injiniyan Ruwa: Ku nemi a koya wa mutum biyu mazauna gari, ba samarin da ke tafiya cin rani ba. Mai gyaran keke ko injin ban ruwa ya fi saurin kamawa. Aikinsu sa giris a sarƙa duk wata, ɗaure ƙusoshi da share magudana. Babban gyara kuma ku karɓi lambar makanikin yanki daga sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiharku, ku kuma san shagon da ke sayar da kayan irin famfonku kafin motar haƙa ta bar gari.