Dariba ta cinye min riba, zan iya ƙara kuɗin aikina?

Abu Sumayya, Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da gyaransa. Haifaffen Makka ne ni, ina da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasar Saudiyya, kuma aikin kaina nake yi, daga ni sai mota da ƙanena. Yawancin aikina da wasu ƙananan otal guda uku ne a Misfala, sai gidajen mutane a Shara Mansur.

Farashin da nake bai wa otal ɗin nan tun 2019 muka yanka shi, lokacin dariba, wato harajin VAT da ake ɗorawa a kan kaya da aiki, tana kashi 5. Da aka mayar da ita kashi 15 a Yulin 2020 ban ce uffan ba, korona ta rufe Umra, kowa yana cikin wani hali, na ji kunyar tayar da maganar. Har yau a haka muke. Kayan aikin kuwa, bututun tagulla da gas da waya, duk ni nake saye. Idan na sayi kayan riyal 20,000, dariba kaɗai 3,000 ce, alhali a da 1,000 ce. Shin zan iya rubuta kashi 15 a ƙasan fatura, wato takardar kuɗin aiki, in ce dariba ce? Ko dai in ƙara farashi kawai? Ina tsoron su koma wa wani.

Ummu Khalid, Jidda

Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah kar ka rubuta wannan kashi 15 ɗin matuƙar ba ka da lambar haraji. Aikin akanta nake yi, na san abin. Wanda bai yi rajista da hukumar zakka da haraji, ZATCA, ba, ba shi da hurumin karɓar dariba a hannun kowa, kuma tarar fitar da faturar haraji ba rajista tana iya kaiwa riyal 100,000. Ƙara farashin aikinka kuwa hakkinka ne. Ka sa kuɗin kaya yadda ka saye su, da daribarsu a ciki, sannan ladan hannunka daban.

Amma ka zauna ka lissafa cinikinka na wata goma sha biyu. Ciniki nake nufi, duk abin da ya shigo, ba riba ba. Idan ya wuce 375,000, rajista dole ce. Idan ya wuce 187,500, kana da zaɓin yi da kanka, kuma a naka yanayin ina ganin ta fi maka. Mai rajista yana cire daribar da ya biya a kan kaya daga wadda ya karɓa, ragowar yake miƙa wa hukuma. Ka ga wannan 3,000 ɗin ta daina fita daga aljihunka. Otal ɗin ma in suna da rajista, kashi 15 da za ka ɗora musu su ma cirewa za su yi a nasu lissafin, ba zai yi musu ciwo ba.

Inda za ka ji a jikinka shi ne gidajen mutane. Mai gida ba shi da inda zai cire, shi dai ya ga aikin 200 ya koma 230. Ga kuma ɗawainiya: miƙa wa hukuma bayanin haraji duk wata uku, da fatura ta na'ura wadda ta zama wajibi tun Disambar 2021. Rubutu da biro a littafin rasit ya ƙare ke nan.

Alhaji Mai Tayil, Madina

Ɗana, maganar 'yata Ummu Khalid ka riƙe ta. Nawa ƙarin a kan yadda za ka tunkare su ne. Aikin da kuka riga kuka yi ciniki a kai, ka ƙarasa shi a tsohon farashi ko da da asara, alkawari ne. Sabon farashi daga sabon aiki. Ka je wa mai otal da kanka, kar ka aika saƙon WhatsApp, ka tafi da rasit na 2019 da na wannan watan ka ajiye masa su a gaba. Kuma ka je tun a Rajab, ka ba shi wata biyu. In ka bari sai ɗakuna sun cika da masu Umra a Ramadan, zai ɗauka ka ga wuyansa a hannunka ne, ya biya a lokacin, bayan salla ya nemi wani.

Ni da na ƙara, mutum ɗaya cikin waɗanda nake wa aiki ya tafi. Ban bi shi ba.

Sani Ɗan Katsina, Riyad

Mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, namu ya bambanta. Kuɗin da muke biyan hukuma a kan iyali, da aka fara a 2017 da riyal 100 kowane kai a wata, tun 2020 ya kai 400. Mata da yara biyu, 14,400 ke nan a shekara, kuma doka ba ta ba mu damar yi wa wani aiki ban da kafili, wato wanda ya ɗauki nauyinmu, ba balle mu ce za mu ƙara farashi. Kai da kake da damar, Malam, ka yi amfani da ita.

Abu Sumayya, Makka

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sani, Allah Ya kawo muku sauƙi. Daren jiya na fito da littattafaina, cinikin bara ya haura 187,500 amma bai kai 375,000 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga otal ɗin ne. Baba Alhaji, zan fara da wanda muka fi daɗewa tare, gobe bayan la'asar in sha Allah. Ummu Khalid, in na yi rajistar, ragowar bututu da gas da na saya watan jiya suna nan a sito, zan iya cire daribarsu ko sai abin da na saya bayan na samu lamba?