Fulawar bikin Afrilu a Birnin Kebbi

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. An sa ranar ƙanwata cikin Afrilu, sati uku bayan ƙaramar sallah. Kamu a gida nan Badariya, dina a hol. Amarya ta kafe kai da fata sai fulawa mai rai, irin wadda take gani a Instagram, fara da ruwan hoda tun daga ƙofa har wurin zamansu. Abin da Baba ya ware wa kwalliyar wuri gaba ɗaya dubu 400 ne. Zai isa? Kuma wa za mu kira?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Afrilu fa kika ce? To ki gaishe min da ita.

Hajiya Inno: Hulawa mai rai cikin bazara? Mi yas sami wagga yarinya? Mu kanmu yaushi mukai cikin wanga wata, bale hure.

Maman Husna: Wallahi Hajiya na faɗa mata, ta ce ni 'yar da ce.

Ummu Khalil: Ku dakata, kar wadda ta ba da lambar kowa tukuna. Bari in kwantar da yaro in rubuto. Ni abin ya taɓa ci.

Zulai Gesse: Mun baza kunnuwa.

Ummu Khalil: Bara waccan ne, ƙarshen Afrilu, bikin ɗiyar yayata. Ni aka danƙa wa kwalliya wai ni ce mai ido. Na samo wata mata a Abuja ta Instagram, hotunanta gwanin sha'awa, ta ce ros ɗinta daga Kenya ake kawo mata. Kara-kara take sayarwa, ba dami ba. Muka yi ciniki a kan kara 200, na tura rabin kuɗi. Saura kwana 9 ta kira wai dala ta motsa, sai na yi ciko. Na yi. Saura kwana 4 ta ce kuɗin kwali da ƙanƙara daban ne. Na sake turawa, don lokacin na yi nisa ba na jin kira.

Shirin shi ne a sako ta jirgi ta sauka filin jirginmu na Ambursa ranar Alhamis. Sai aka ɗaga jirgin. Ta kai tasha ta ba direban mota, ta ce min ai ta yi masa bayani. Ko wane bayani ta yi masa oho, shi dai a but ya sa kwalin, ya ɗora buhun doyar wani a kai. Ku lissafa da kanku: Kontagora, Yauri, Koko, Jega, cikin ranar Afrilu. Na kira shi da la'asar, ya ce min yana Yauri yana cin kifi, in kwantar da hankalina. Sai bayan isha'i ya shigo gari.

Da muka yanka kwalin, wani huci ya bugo mu kamar an buɗe tukunyar dambu. Ƙanƙarar ta koma ruwan ɗumi a leda. Kowace fulawa ta sunkuyar da kai, bakin ganyenta ya yi ruwan ƙasa kamar takardar da aka kusantar da fitila. Kina taɓawa tana zubo miki a hannu. Muka tsince kamar 60 masu sauran numfashi, muka tsoma a bokiti muka kai ɗakin da ke da esi. Sha biyun dare aka ɗauke wuta. Wata yarinyar gidan, ita taimako ta yi niyya, ta ga an tada ƙaramin inji saboda firizar naman biki, sai ta kwashe su ta jera a ciki. Da safe sun daskare, da suka huce suka yi baƙi suka yi yauƙi kamar alayyafon da ya kwana a leda.

Ranar Juma'a da hantsi ina kan kabu-kabu ina zagaye gari neman mai fulawar roba. Wanda na samu ya kalli idona ya ninka min kuɗi, ban ce uffan ba. Abin da ya fi ƙona min rai, har yau in aka ga hotunan sai a tambaye ni ina na samo fulawa mai rai haka. Ta roba ce! Ita kuwa matar ta ce lafiya lau kaya suka bar hannunta. Ko sisi ban gani ba.

Zulai Gesse: Yana Yauri yana cin kifi 😂😂 Allah ya shirya direbobinmu.

Anti Rabi: Ai ni buhun doyar ne ya kashe ni.

Hajiya Inno: Ita doyar ta iso lahiya?

Ummu Khalil: Hajiya ke ma? Lafiyarta ƙalau, mai ita ya ɗauki abarsa a gabana.

Binta Tudun Wada: Sannu Ummu Khalil, amma laifin bai tsaya kan direba ba. Ros ɗin Kenya yawanci daga gonakin gefen tafkin Naivasha take fitowa, wuri ne mai tudu da sanyi. Daga yanka ta har ta isa shago cikin sanyi ake tafiya da ita, kamar digiri 2 zuwa 4. Mu kuwa nan a Afrilu muna haura 40. Ko ta Jos, wadda ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, sai ta ratso doguwar hanya kafin ta iso mu. Ni in aka ce min in cika hol da mai rai tsakanin Maris da Mayu ba na karɓar aikin, don sunana ne zai ɓaci. A hunturu kam ana iya gwadawa, shi ma ƙura ce ke maida farar fulawa ruwan toka.

Anti Rabi: Binta an fara talla ke nan?

Binta Tudun Wada: Anti wallahi ranar ma ina da aiki a Jega, ba zan samu ba ko an ba ni. Maman Husna, abin da mutane ba su gane ba, ba fulawa ce ke cinye kuɗin deko ba. Ƙarfen da ake kafawa a bayan amarya, yadin da ake lulluɓe shi, kujerar ango da amarya, kafet ɗin da za su tako, fitilu, motar da za ta kai kaya ta dawo da su, yaran da za su yi aiki, sai man inji in hol ba su ba ki wuta da rana ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya zama abin lissafi. Ita ta robar ma daga Chana take zuwa, mu sai mun je Kano ko Legas mu saro, shi ya sa haya ta fi saye. In kin saya, bayan biki ina za ki kai buhu uku na fulawa?

Da dubu 400 ki zaɓi wuri ɗaya ki ƙawata shi sosai, wato inda za su zauna, don nan duk hoto zai tsaya. Ƙofa a yi mata kaɗan. Teburan baƙi kuwa ki manta da su, da an kawo abinci ake ture komai gefe. Ki cire dubu 40 ki ɓoye, kar ki gaya wa mai deko akwai su, za ki neme su ranar.

Kuma a rubuta komai. Ta turo miki hoton ainihin kayan da ke hannunta, ba wanda ta ɗauko a intanet ba. Ruwan hoda kala-kala ne, ki je ki gani da idonki da rana. Rabin kuɗi kafin aiki, ragowar sai an kafa kin duba. Ki tambayi masu hol ƙarfe nawa za su buɗe muku, ko akwai wani bikin kafin naku, ko suna yarda a buga ƙusa a bango.

Maman Ihsan: Ki ƙara da cewa a sa mai gadi. A bikinmu ana tashi mata suka far wa fulawar haya, kowa ta zari reshe ta cusa a jaka. Mu muka biya.

Zulai Gesse: Ni dai ɗaya na ɗauka, kuma tana kan talabijin ɗina har yanzu.

Maman Ihsan: Zulai!! Ashe har da ke? Ki turo min dubu biyu.

Zulai Gesse: Ki zo ki ɗauki abarki, ta ma yi ƙura.

Malama Hadiza: Ni fa ina karantawa ina mamaki. Dubu 400 a kan abin da za a kalla awa uku a kwashe? Da an ƙara wa yarinyar a kayan ɗaki, ko a sai mata keken ɗinki ko firiza ta riƙa sayar da ƙanƙara. Allah ya ce masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu ne, yana nan cikin Suratul Isra'i. Mu ji tsoron Allah.

Anti Rabi: Gaskiya ne Malama. Amma akwati nawa kuka kai lefen ɗanki?

Malama Hadiza: Lefe sutura ce, za ta sa a jikinta shekara da shekaru. Kar ki haɗa.

Anti Rabi: Ni dai tambaya na yi, akwati nawa?

Malama Hadiza: Ba da ke nake ba, Rabi.

Gwaggo Asabe: Haba ku kuwa. Yarinya ta zo neman shawara kun maida abin kotu. Malama ta faɗi gaskiya, Rabi ki bar tsokana. A wuce wurin.

Hajiya Inno: Mu lokacin da anka yi namu, tabarma anka shimhiɗa, anka sa muna lalle, anka watse. Ga mu nan da jikoki.

Zulai Gesse: Hajiya ai yanzu tabarmar taku ce ake yayi, kuɗi ake biya a shimfiɗa ta a kamu.

Binta Tudun Wada: Zulai ta yi gaskiya, kuma nan ne za ki rage kuɗi Maman Husna. Kamu ba ya buƙatar fulawa ko ɗaya. Tabarmin kaba, faifai masu launi a jera a bango, ƙore, ludayi, mafici, tukunyar ƙasa, akushi, zanen saƙi a shimfiɗa inda amarya za ta zauna. Rabin kayan kuna da shi a gida, sauran ki shiga babbar kasuwa, ko ki aika wani Argungu ko Jega ranar kasuwa. Bayan biki kuma amarya ta tafi da abinta.

Gwaggo Asabe: Amma kar ku ari na tsofaffi. Ƙwaryar mahaifiyata, mai zane, wadda ta zo da ita gidan aure, na ba da aro aka dawo min da ita gida biyu. Har yau ba wanda ya ce shi ya fasa. Na kai an ɗinke ta, amma duk na kalli ɗinkin sai raina ya sosu.

Anti Rabi: In dai dole sai mai rai, a aika Aliero a yanko mata furen albasa. Fari ne tas, dunƙule-dunƙule, kuma ya saba da ranarmu.

Zulai Gesse: Ango ya shigo ya hau hawaye a ce daɗi ne ya kama shi 😂

Binta Tudun Wada: Kuna dariya, Turawa na da 'yar uwarsa da suke shukawa don ado, dangi ɗaya ne da albasa.

Anti Rabi: Kun ji ko? Ni ce 'yar gayu ban sani ba.

Maman Husna: Na gode ƙwarai. Na miƙa mata wayar ta karanta labarin Ummu Khalil, ta yi shiru. Yanzu ta sauko ta ce ko ta hannu kawai a samo mata mai rai. Wannan zai yiwu?

Binta Tudun Wada: Zai yiwu, don kara 15 zuwa 20 mutum na iya riƙo su a cinya cikin mota mai esi. Ki nemi wanda zai zo bikin daga Abuja ko Jos ya taho da ita ana gobe dina, a cikin kular sanyi, da robar ruwa mai ƙanƙara a gefe, kar ƙanƙarar ta taɓa furen. Tana isowa a datse gindin karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma a ruwa mai tsabta da ɗan sukari. Firji can ƙasa inda ake sa kayan miya, ba firiza ba. Kuma a fitar da mangwaro da ayaba, iskar da nunannen ɗan itace ke fitarwa tana tsofar da fure da wuri. Ki ce a haɗa mata da fulawar da ake kira kanashan, ta fi ros jure zafi. Sai za a fita a miƙa mata. Duk da haka ki ajiye ta roba a mota.

Ummu Khalil: Ta robar nan ita ce maganar. Kuma a ɗaure yaran gida.

Maman Ihsan: Ni kuma tawa matsalar esin hol ce. Ki je da rana tsaka ki ce a kunna miki ki ji, kar ki je da yamma. Mu kwalliyar amarya ce ta narke tun kafin a yanka kek.

Malama Hadiza: Allah ya ba su zaman lafiya. Ni dai walima zan zo.

Anti Rabi: Za mu aje miki kek Malama.

Maman Husna: To har yanzu fa ba wadda ta ce min wa zan kira.

Zulai Gesse: Wai ankon ya fito? Ni ban ga kowa ya turo ba.

Maman Husna: Ya fito tun jiya, atamfa ce, na sa a sitatus.

Zulai Gesse: Wannan koriyar? Haba Maman Husna, koriya muka yi na Ihsan.

Maman Ihsan: Tamu ruwan ganye ce, wannan ta fi duhu.

Hajiya Inno: Ni a aje min turmi guda, in anka biya fansho in aiko.