Ƙarfen nan mai riƙe katako a kusurwa, me za mu kira shi?

1/ Jama'a, shekaranjiya na jefa tambaya a nan, na yi kwana biyu ina bin amsoshinku. Ga wanda bai gani ba: wani ƙarfe ne na saya a Kofar Ruwa, mai shagon ya ce sunansa "kona kilam". Na ce da Hausa fa? Ya ce shi dai a kwali ya gani.

2/ Siffarsa: gindinsa kamar sukwayar kafinta, da baki biyu, kowanne da hannun murɗawa. Ka zura katako ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, ka murɗa, sai su tsaya cak a digiri 90. Hannayenka biyu sun samu 'yanci, ka buga ƙusa ko ka ɗaura sukuru a tsanake.

3/ Abin da ya kai ni sayensa, wata durowa ce, tsawo santimita 40, faɗi 30. Na shafa gam, na ce yarona ya riƙe gefe ɗaya ina buga ƙusa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ɗan motsa, ban lura ba. Washegari durowa ta ƙi shiga raminta. Na ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta: ɗaya 51, ɗaya 49. Ya kamata duka biyun su ba ni 50 cif, lissafin nan na 3, 4, 5 da magina ke fitar da harsashi da shi. Gam ta riga ta bushe, sai da guduma muka rabu. Katakon kuwa daga 'Yan Katako na Na'ibawa na ɗauko shi, da kuɗin Keke Napep ɗina.

4/ To, ga sunayen da kuka kawo. Na farko da na jefar: "maƙalin kusurwar dama". Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wannan na'ura ce ta fassara maka. Kalmar Turancin nan "right" ta cikin "right angle", wato kusurwar digiri 90, tana da ma'ana fiye da ɗaya, har da hannun dama, shi ne ta ɗauko wadda ba ita ba. Kusurwar digiri 90 ba ta da dama ba ta da hagu. A rumfa cewa muke yi katako "ya hau sukwaya" ko "bai hau ba".

5/ Wani malamin Hausa ya tuna mana yadda harshen ke ƙera sunan kayan aiki: ma- a gaba, -i a baya. Buɗe, mabuɗi. Auna, ma'auni. Goga, magogi. Sai wani ya ce ai abin cizon katako yake yi, mu bi ta kan "ciza". Muka bi, muka tarar da maciji kwance a wurin tun zamanin kakanni. Allah Ya ba ku haƙuri, ba zan ce wa yaro ya miƙo mini maciji biyu ba.

6/ "Awartakin katako" ma ya samu magoya baya. Amma awartaki na maƙera ne, da ka saki hannu ya saki ƙarfe. Wannan kuwa amfaninsa ke nan, ka sake shi ka tafi sallar la'asar ka dawo yana nan yadda ka bar shi.

7/ Wanda ya fi samun ƙuri'a shi ne "mamatsin kusurwa", kuma da farko ni ma can na karkata. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ƙara masa ƙarfi, ya ce sunan kilam, wato ƙarfen matse katako, da Faransanci ma'anarsa "matse haɗi" ne.

8/ Sai na kai wa tsohon maigidana ƙarfen, wanda a hannunsa na koyi riƙon zarto. Ya jujjuya shi, ya sa guntayen katako biyu, ya murɗa. Ya ɗaga shi saitin rana, ya ce, "Zo ka duba." Tsakanin katakan akwai ɗan siririn haske.
Na ce, "Baba, ko ban iya ɗaurawa ba ne?"
Ya ce, "Kai dai! Wannan ba matsewa yake yi ba, kamawa yake yi. Kowane baki nasa katakon yake dannawa a jikin ƙarfe. Wa ya tura wannan ya haɗu da wancan?"

9/ Nan maganar ta juye mini. Doguwar kilam da muka sani ita ke jawo katako biyu su rungumi juna har gam ta tsattsafo ta gefe. Irin wannan na kusurwa da ke hannuna bai yin haka. In bakin katakon bai yanku daidai ba, ko an yi yankan firam mai digiri 45 ya kauce, zai riƙe maka kuskurenka da kyau har gam ta bushe a kansa. Shi ya sa dole ka tura katakan su haɗu da hannunka kafin ka murɗa, in aikin babba ne ka ƙara doguwar kilam, sannan ka sake jan tef a kusurwoyi tun gam tana ɗanya. In muka kira shi mamatsi, mun yi wa ɗan koyo alkawarin aikin da ƙarfen ba zai yi masa ba.

10/ Don haka "mamatsi" mu bar wa doguwar, ta cancanta. Wannan kuwa na tsaya a kan abin da wata baiwar Allah ta rubuto a can ƙasa, mutum uku kacal suka danna mata: kama-kwana. Zubinsa ɗaya da dafa-duka da hana-salla da fasa-ƙwauri, aiki a gaba, abin da aka yi wa aikin a baya.

11/ Na ga masu cewa "kwana" aro ce, a sa "kusurwa". A littafin makarantar koyon sana'a a rubuta kama-kusurwa, ban ƙi ba. Amma kafinta da gam da sukwaya duk aro ne, sun zauna. Wanda kuma ya ce kama-kwana ya yi kama da neman masauki a tasha, na yi dariya, amma a baki kwanar hanya da kwanan gida ba sa rikita kowa.

12/ Yau da safe ina haɗa wata durowar, ban yi wa yarona bayanin komai ba, na ce, "Miƙo kama-kwana guda biyu." Ya tsaya ya dubi tebur, ya tsallake kilam, ya tsallake sukwaya, ya ɗauko su. Tef ya ba ni 50 da 50.

13/ Saura kilam mai ɗamarar nan da ke zagaye firam ta matse kusurwa huɗu lokaci guda. Baba ya ce majanyi ce. Ku fa?