An ce in fassara brunt, bulk da thrust da kalma ɗaya: in yarda?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Wata ƙungiya ta ba ni rahoto mai shafi 14 kan ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau, in mayar da shi Hausa a karanta a rediyo. Wurare uku sun tsaya mini: bore the brunt a kan mata da yara, the bulk of a kan kayan agaji, sai the thrust of a kan shirin kai ɗauki. Jami'in da zai duba aikin ya ce duka ukun abu ɗaya suke nufi, in sa musu "mafi yawa" don fassarar ta tafi bai ɗaya. Ranar Alhamis zan miƙa. In bi shi, ko in tsaya a kan nawa? Kuma naira 3,000 suka taya kowane shafi, ya yi?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ki nemi ƙamusun Bargery, babu abin da babu a ciki.

Malamin Turanci: Bargery na 1934 ne, kuma ƙarfinsa daga Hausa zuwa Turanci yake, ba zai raba wannan gardamar ba. Maman Ilham, kada ki haɗa su. Bulk yawa take aunawa: akasarin kayan agajin, ko kaso mafi tsoka. Ita ce kuma a in bulk, wato sari. Thrust alkibla ce, inda shirin ya sa gaba, abin da ya fi mayar da hankali a kai. Ita kuwa brunt tsanani take aunawa, inda dukan ya fi sauka, kuma ba a kawo ta sai a abin wahala: yaƙi, fari, tsadar kaya, fushin shugaba. Kusan kullum da kalmar bear ko kalmar take ake haɗa ta, ba ta da jam'i. Ki ce mata da ƙananan yara ne suka fi jin jiki. In kika ce "mafi yawa", mai sauraro zai ɗauka sun fi kowa yawa a cikin waɗanda abin ya shafa, alhali rahoton bai ƙirga kowa ba. Kin ƙara masa maganar da bai yi ba ke nan.

Baban Khalifa: Duk wannan mai sauƙi ne, ƙanwata. Ki fara tambayarsu yadda za su duba aikin. Da yawansu wani suke ba Hausarki ya sake mayar da ita Turanci, su jera da na asali. Haka wata ƙungiya ta yi mini a kan takardar kwalara. Na rubuta "ƙauyuka ne cutar ta fi yi wa ɓarna", mai mayarwar ya kawo damage, suka duba ba su ga brunt ba, suka ja jan layi suka ce na yar da kalma. Duk inda na warware salon magana da Hausa mai kyau sai da suka lissafa shi kuskure. Suka riƙe rabin kuɗina, daga baya na ji takardar a rediyo da kalmomina, ko wasali ba a canza ba. Wallahi abin na ci mini rai har yau. Ki karɓi rabi kafin ki fara, kuma ki haɗa da 'yar takarda mai layi uku: kalmar Turanci, Hausarki, dalili.

Hajiya Mai Labarai: Allah Ya saka maka, Baban Khalifa. Amma farashin nan ya yi arha. Shafi mai kalma 400 a 3,000, naira bakwai da rabi ke nan kowace kalma. Mu 20 muke karɓa.

Ɗan Sabon Gari: 20 a ina? A nan 10 ake biya, kuma ana layi.

Baban Khalifa: Ni ban sauka daga 15. Abin lura shi ne kalmomin wa za a ƙirga. Hausa ta fi tsawo: brunt guda ɗaya sai ta zama "suka fi jin jiki", kalma huɗu. In da Turancin za a yi lissafi, sai a ɗaga farashi.

Auta: Wani a ajinmu burnt ya karanta maimakon brunt, ya ce ruwa ya ƙona mutane. Malaminmu ya ce to a kira 'yan kwana-kwana su kashe ruwan.

Maman Ilham: Auta, mutane sun rasa gidaje da 'yan uwa, a bar wasan. Har yanzu dai ba a ce mini in bi jami'in ko a'a ba.

Hajiya Mai Labarai: Kada ki bi shi. Sai dai "kaso mafi tsoka" da Malam ya kawo na lion's share ne, inda ake rabo wani ya kwashi babba. A kayan agaji zai sa a ji kamar an yi rabon ganima. "Akasari" ta wadatar. Mu da ke karantawa a iska mun san abin da kunne ke ɗauka.

Malamin Turanci: Hajiya, aji da ɗakin labarai ba kishiyoyi ba ne. Na karɓi gyaran, amma a ɗakunan labarai ne ake mayar da crux da gist duka "muhimmin abu". Crux inda gizo ke saƙa ne, ƙullin da in an kwance shi an gama. Gist kuwa taƙaitaccen abin da aka ce ne, ba hirar da 'yan Najeriya ke kira gist ba.

Hajiya Mai Labarai: Minti biyar ake ba mu kafin labarai, Malam, ba zangon karatu ba.

Baban Khalifa: Ni abin da ya fi damuna masu buga takardar. Ka gama wahala, su zuba rubutun a kwamfutar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, wani lokacin ma akwati-akwati ke fitowa a gurbin ƙ da ɗ. Maman Ilham, ki tura musu da PDF bayan na Word, ki ce a nuna miki kafin a buga.

Ɗan Sabon Gari: Su kuma sai su ce gyaran haruffa kuɗinsa daban. Wa ke biya a wajenku, mai fassara ko mai aikin?