Muhawara: Ana koyar da iya zama da mutane a aji? Wa kuma zai ba shi maki?

Malam Bala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na gama duba sakamakon GST 112, kwas ɗin nan na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, kuma raina bai kwanta ba. Shekara tara ke nan ina koyar da shi. Zaure ya cika maƙil, lasifika na kuka, na baya ba sa jin abin da nake faɗa. Jarrabawa kuma a kwamfuta, canki-canka. Yaro zai gaya maka Oduduwa na Ile-Ife ne, Tsoede ya kafa sarautar Nupe, Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya kwashi A ya tafi. Makon jiya ɗaya daga cikin masu A ɗin ya same ni a ofis, yana roƙo in sa baki a canza masa ɗaki, don an haɗa shi da wani Bayarabe da wani ɗan Binuwai. Na ce me suka yi maka? Ya ce ba su yi masa komai ba, shi dai ba zai iya ba.

To ga matsayina. Iya zama da wanda al'adarku ba ɗaya ba, ba a koyar da shi a aji, ba a kuma auna shi da jarrabawa. Zama ne ke koyar da shi. Da a hannuna abin yake, da na soke kwas ɗin, na gina ɗakunan kwana, na cakuɗa yaran nan ko suna so ko ba sa so.

Baban Walid: Wa alaikumussalam Malam. Ni shaida ne. Na yi wannan kwas na ci, amma ranar da na fara sanin ban san komai ba ita ce a wani ƙauye a jihar Imo, lokacin bautar ƙasa. Shugaban makarantar da aka tura ni ya kai ni gaida wani dattijo. Aka kawo goro a faranti aka miƙo mini. Ni Bahaushe, goro ai namu ne. Na ɗauki ɗaya na ɓare na jefa a baki. Ɗakin ya yi tsit. Ashe nuna mini aka yi, in taɓa farantin ya zagaya ya koma hannun mai gida, ya yi addu'a a kansa da harshensu, ya fasa, a duba ɓari nawa ya fito, sannan a raba. Wallahi sai da na yi mako ina jin nauyin dattijon. Shi kuwa bai riƙe ni ba, daga baya ma shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin komai. Gani ya kori ji.

Dakta Asabe: Baban Walid, labarinka ai hujjata ce, ba ta Malam Bala ba. Abin da ya ba ka kunyar mako guda, minti goma ya isa a koya maka shi a aji. Ba a koya maka ba ne saboda kwas ɗin ya tsaya kan sunayen sarakuna da shekaru. Laifin yadda ake koyarwa ne, ba laifin aji ba.

Malam, maganar cewa a cakuɗa su kawai zama zai gyara, tsohuwar magana ce, kuma an gwada ta. Tun 1954 Gordon Allport, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ce haɗuwa tana rage ƙyama, amma da sharuɗɗa huɗu: ɓangarorin su zo a matsayi ɗaya ba wani a sama ba, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare ba gasa ba, hukuma kuma ta tsaya wa abin. In babu waɗannan, abin da Bahaushe ya faɗa ne zai faru, zo mu zauna zo mu saɓa. Ka zuba yara takwas a ɗakin mutum huɗu, famfo ɗaya, soket ɗaya, ka ce ka haɗa kan ƙasa? Faɗa kan bokitin ruwa za ka haɗa, kuma da ya ɓarke ba za a ce wane ya yi ba, sai a ce "ai haka suke."

Usman: Dakta, a gafarce ni, amma ni duk wannan ban ga amfaninsa ba. Injiniyanci na zo karantawa. Gowon ya kafa NYSC, shirin bautar ƙasa, a 1973 don haɗa kai bayan yaƙin basasa. Yau sama da shekara 50, mun haɗu? Da an gama mako uku na sansani kowa sai neman hanyar a mayar da shi gida. Kuma ba na ganin laifinsu. Bayan abin da ya faru da 'yan bautar ƙasa a Bauchi a rikicin zaɓen 2011, wane uba ne zai ce ɗansa ya tafi koyon al'ada?

Dakta Asabe: Usman, maganar tsaro gaskiya ce, ba mai musunta. Amma kan cewa bautar ƙasa ba ta yin komai, akwai wadda ta bi diddigi. Oyebola Okunogbe, masaniyar tattalin arziki a Bankin Duniya, ta bibiyi waɗanda suka yi hidimar, bayan shekara bakwai da gamawarsu. Waɗanda aka tura yankin da ba na ƙabilarsu ba, ta samu sun ninka sauran sau biyar wajen yiwuwar zama a wasu sassan ƙasar, sun kuma fi alfahari da Najeriya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne alfaharinsu da ƙabilarsu ma ƙaruwa ya yi. Wato mutum ba sai ya zubar da nasa ba kafin ya iya da na wani.

Malam Bala: To ai kin dawo kan maganata, Dakta. Tafiya ce ta yi wannan aikin, ba lakca ba.

Dakta Asabe: Rabi na dawo, Malam, ba duka ba. Bari in kawo na Kaduna. Alexandra Scacco da Shana Warren sun buga sakamakonsa a 2018. Samari Musulmi da Kirista sama da 800 ne a binciken, aka ba wasunsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. Da aka gama aka tambaye su ra'ayinsu kan ɗaya ɓangaren, ra'ayin bai canza ba. Amma da aka ba su kuɗi aka ce su raba da wani, 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan aji ɗaya yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Ka kuma lura da inda bambancin ya fito: waɗanda aka ware su kaɗai ne suka ƙara nuna fifiko, fiye da waɗanda ba su shiga horon ba ma. Wannan ya goyi bayanka a kan cewa warewa tana da illa. Amma ya rushe rabin maganarka na biyu, don ga shi an auna. Ba da canki-canka ba, da abin da hannu ya aikata.

Usman: Waɗannan ai ba 'yan jami'a ba ne, Dakta.

Dakta Asabe: Haka ne, samarin unguwa ne. Sai dai sa'anninku ne, kuma tambayar ɗaya ce: da wa aka zaunar da kai, me kuke yi tare.

Hajara: Malamaina, ku ba ni dama in faɗi yadda abin yake a ƙasa, don ni ina ajin ƙarshe. Malam na maganar cakuɗawa kamar akwai waɗanda za a cakuɗa. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ga tsadar mota, ga tsoron hanya. Yawancinmu a ajinmu daga jihohi uku muke. Waɗanda suka zo daga nesa kuma tun ranar rajista ƙungiyar jiharsu ta karɓe su, ta nema musu ɗaki, ta nuna musu inda ake sayar da abincinsu. Mu ma haka tamu ta yi mana. Shekara huɗu muna shiga aji ɗaya da wata yarinya daga Kuros Riba, sai a aji uku na san sunanta na gaskiya, shi ma don an haɗa mu aikin rukuni ne ba da zaɓinmu ba. Mako shida muna zuwa asibiti tattara bayanai. Ita ta lura ina ɓacewa ƙarfe biyu, ba ta tambaye ni ba, sai kawai ta fara tsara mana hutu a lokacin azahar. Ni kuma na daina sa mana haɗuwa ranar Lahadi da safe. Ba wanda ya ce da wani komai.

Amma abin da ke ba ni tsoro a maganar Dakta shi ne maki. Wa zai rubuta ma'aunin? Ni ba na musabaha da maza. Na sha ganin fuskar mutum ta canza in ya miƙo hannu na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. Ba na kuma kallon babba cikin ido, haka aka tarbiyyantar da ni. In wanda ya tsara takardar yana ganin miƙa hannu da haɗa ido su ne alamar wayewa, na faɗi ke nan tun ban shiga ba. Shi kuwa wanda ya kasa gane dalilina ya ci.

Dakta Asabe: Hajara, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke mini ciwo. Ɗaya daga cikin ma'aunan da suka yi fice ana kiransa IDI, tambayoyi 50 ne, an gina shi kan matakai shida da Milton Bennett ya tsara a 1986. A Amurka aka ƙirƙiro ma'aunin, kuma kuɗi ake biya. Ba zan ce a kwaso shi a juye wa ɗalibanmu ba. Amma akwai abu ɗaya a matakan da nake so Malam Bala ya duba. Na farko mutum bai ma san akwai bambanci ba. Na biyu ya gani, ya ɗaura ɗamarar "mu da su." Na uku shi ne ya ce "ai duk ɗaya muke, ba wani bambanci." Mu a nan mun ɗauka wannan ne ƙololuwa, shi muke rerawa a taruka. A wajen Bennett tsakiyar hanya ce kawai, don mai cewa duk ɗaya muke yawanci yana nufin kowa kamar shi yake. Shi ne zai miƙo miki hannu da kyakkyawar niyya, ya ji haushi in kin ƙi. Sai a gaba ne mutum ke yarda cewa bambancin na gaske ne, ya koyi gyara tafiyarsa ba tare da ya bar nasa ba. Abin da ke da ƙawarki kuka yi ke nan.

Kan yadda za a auna kuwa, Darla Deardorff ta tattara ra'ayin manyan masanan fannin a 2006, suka haɗu a kan cewa hanya ɗaya ba ta isa ba. Sai an haɗa hira, da lura da mutum yana aiki, da abin da ya faɗa game da kansa, da abin da abokan aikinsa suka faɗa a kansa.

Alhaji na Kumasi: Ina gaida malamai. Ni ban yi jami'a ba, jikokina ne ke yi. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja fataucin goro, suka zauna a zango cikin Asante. Ba wanda ya ba su maki, amma kar a ce ba a koya musu ba. Baƙo in ya sauka, mai gida ne ke zaunar da shi ya ce ga yadda ake gaida sarkinsu, ga ranar da ba a zuwa gona, ga abin da ba a faɗa a kasuwa. Sannan ya haɗa shi da yaro ya zaga da shi. Koyarwa ce da zama, a tare. Jarrabawar kuwa ita ce ko za a ba ka bashi a shekara mai zuwa.

Malam Bala: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Na janye maganar sokewa. Na yarda abin da nake yi a zauren nan ne bai isa ba. Amma kan maki ina nan inda nake. Dakta, kin san ɗalibanmu. Ranar da aka ce rubuta abin da ka koya daga zama da wani yana da maki 30, ranar za a fara sayar da shi a shagon hoto-kwafi, kowa ya zo da labarin ƙawarsa 'yar Kuros Riba. Kuma ni kaɗai da mataimaka biyu, ta ina zan yi hira da wannan taron?

Dakta Asabe: Kar ka ba da maki kan zuciya, Malam, ni ma ba zan bayar ba. Ka ba da shi kan aiki. Kai za ka raba rukunin da jerin sunaye, ba su ba. Ka tura su Sabon Gari ko kasuwa ko wata unguwa su yi hira da mutum takamaimai kan yadda ake neman aure ko raɗin suna ko zaman makoki a wajensu, su dawo su gabatar, kuma wanda ba ɗan al'adar ba ne zai yi bayani, ɗan al'adar yana zaune yana gyara masa. Wannan ba ya sayuwa a shago.

Usman: In dai aikin rukuni ne, mutum ɗaya ke yi sauran su sa suna.

Hajara: Sai Malam ya zaɓi mai gabatarwa da kansa a ranar, ba tare da sun sani ba. Haka aka yi mana, kowa ya karanta dole. Amma Malam, a ajinmu in aka raba rukuni goma, huɗu ne kawai za su samu wanda ba Bahaushe ba. Sauran shidan fa?

Malam Bala: Shi nake lissafawa yanzu. Sai dai in haɗa da 'yan wata tsangayar, don na lura 'yan nesa sun fi yawa a kimiyya da likitanci. Dakta, gobe bayan azahar kina ofis? Zan zo da jerin sunayen mu gani ko zai rabu.

Dakta Asabe: Ina nan har ƙarfe huɗu. Ka taho da na sashen Hajara ma.